Notin Tsakiya a Ƙafar Baba

Duk wanda aka sa wa ɗan'uwansa ƙarfen waje a ƙafa, irin wanda ake huda ƙashi da tsinkayen ƙarfe a haɗa su da sanda daga waje, ina roƙonsa ya karanta wannan kafin ya bar asibiti. Ni ba likita ba ce. Sunana Ramatu, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a unguwar Banifandu, kuma ni na yi jinyar mahaifina wata tara. Har yau in aka tambaye ni abin da ya faru da ƙafarsa sai in rasa ta inda zan fara, don akwai abin da na sani, akwai wanda nake zato, akwai kuma wanda likitocin da kansu suka ce ba su sani ba.

Baba mai gyaran moto ne, wato babur, a unguwar Kalley, tun kafin a haife ni. Ya baro Maraɗi yana saurayi, ya kafa rumfarsa a bayan kasuwa, bai ƙara matsawa ba. Mutum ne da ba ya iya ganin abu yana lilo ya wuce. In ya zo gidana gaisuwa, kafin mu gama "ina gajiya" ya riga ya lura marfin ƙofa ya saki, ya nemi wuƙa ya ɗaure. Hannun tukunyata, ƙafar bencin masallaci, keken ɗinkin maƙwabciya, babu wanda ya tsira. Aikinsa kuwa duk a tsugune yake yinsa, tun safe har la'asar, diddige a ƙasa, kunne kusa da inji.

Ranar wata Talata ya fita gwada moton wani da ya gama gyarawa, motar siminti ta yi baya ba ta gan shi ba. Aka kira ni ina cikin aji. Da na isa asibiti na tarar da shi kwance a kan gadon turawa a baranda, an rufe ƙafar dama da zanen wata baiwar Allah da har yau ban san ko wace ce ba. Na ɗaga zanen na mayar da sauri. Ƙashin ƙwauri ya karye ya huda fata. Shi kuwa yana ta tambayar ko an ɗauke moton mutane daga titi.

Sai kwana na uku aka shiga da shi ɗakin aiki, saboda sugansa ya hau, sai da aka sauke shi. Kwana ukun nan na yi su ina yawo da takardun magani daga wannan taga zuwa waccan. A ce je ki radiyo, wato ɗakin hoton ƙashi, can su ce sai kin kawo takardar biya, wurin biya su ce mai hatimi ya fita salla. Kuɗi sun tafi kamar yadda suke tafiya a irin wannan wuri, ba zan tsaya kansu ba. Abin da ya fi cin raina shi ne babu mai tsayawa ya ce miki ga abin da za a yi, ga dalili.

Da aka fito da shi na tsaya ina kallo kamar wadda aka buga wa sanda. Na zata siminti zan gani, fari, kamar yadda ake yi wa kowa. Sai ga tsinkayen ƙarfe shida sun fito daga cikin naman ƙafar, uku ƙasan gwiwa, uku saman idon sawu, an kama su da wata baƙar sanda mai kauri, da notoci a jikinta. Wani matashin likita ya ce sunansa fiksater. Ya ce ba a rufe karaya da siminti in akwai rauni a buɗe, sai ta ruɓe a ciki, shi ya sa ake riƙe ƙashin daga waje a bar raunin a fili ana wankewa. Wannan bayanin na gane shi, kuma na gode masa, don shi ne na ƙarshe da na samu cikin watanni da yawa.

Baba da ya farfaɗo bai tsorata ba. Ya sa na ɗaga masa kai, ya ƙare wa ƙarfen kallo, ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa sandar.

"Aiki mai kyau," ya ce. "Wanga ƙarhe ba na nan ba ne."

Sannan ya kama hannun rigar likitan ya yi masa tambaya ɗaya tak. Bai tambayi zafi ba, bai tambayi kwana nawa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, zan koma in tsuguna gaban moto?" Likitan ya ce in Allah ya so, in ƙashi ya haɗe da wuri. Tun daga ranar abin da muke nema ke nan, ni da shi.

A sati na biyu Gwaggo Hawa, ƙanwarsa, ta iso daga Maraɗi da buhun garin gero da sunan wani maɗori. Tana ganin ƙafar ta dafe ƙirji.

"Yaya, mi anka yi maka haka? Sun mai da kai kamar gini da ba a gama ba! Ramatu, ke da kinka yi karatu kina tsaye anka huda ƙashin ubanki wuri shida? Karaya guda ce hwa, yanzu ta zama bakwai."

Ni ma lissafin ya taɓa zuwa mini. Ta ce a sa shi mota a kai shi gida, maɗori ya ja, ya tofa, ya ɗaure da kara, kwana arba'in ya miƙe. Baba ne ya kashe maganar. Ya ce maɗori gwani ne in fata ba ta fashe ba, shi kuwa tasa ta fashe. Gwaggo dai ba ta koma Maraɗi ba, ta shimfiɗa tabarmarta.

Wanda ya koya mini wanke bakin tsinkayen shi ne majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, wani dattijon Bazabarme mai Hausar kasuwa. Kowane tsinke da audugarsa, kada wadda ta taɓa wannan ta taɓa wancan, a goga daga jikin fata zuwa waje, a bar shi ya sha iska. Ranar farko ina ɗari-ɗari da ƙarfen, ya ce, "Kala suuru, madam, sai hankuri. Karfe ba ya cizo." Mutumin nan Allah ya saka masa da alheri.

Aka sallame mu, na kawo Baba gidana, tunda Innarmu ta rasu kuma ɗakinsa na Kalley ba mai kula da shi. Mijina Abdu ya bar masa falo. Muka farke wandunansa ta gefe muka sa igiya. In ya juya, ƙarfen ya kama zanen gado. In yara suka gilma da gudu, sai gabana ya faɗi. 'Yan dubiya kuwa kowa da nasa. Wannan ta ce a shafa man kaɗanya a bakin ramukan, wancan ya ce romon ƙafar saniya kullum, wani ya ce kada ya kuskura ya ci kuɓewa, ƙashi zai yi santsi ya ƙi kamawa. Gwaggo ta dinga lulluɓe ƙarfen da zane saboda bakin mutane, ni ina yayewa saboda majo ya ce iska. Haka muka wuni muna yi, ta rufe in buɗe, Baba yana tsakiya yana jan carbi.

A sati na biyar tsinke na ƙasa ya fara ruwa, fatar ta yi ja, wari ya ɗan taso. Ko man kaɗanyar Gwaggo ne, ko zafin bazara, ko hannuna ne bai wanku ba, ban sani ba. Muka koma. Duk wanda bai san layin masu karaya ba, ga yadda yake. Kana idar da sallar asuba ka kama hanya, ka ajiye katinka a kan tarin katunan da aka danne da dutse, ka nemi inuwa. Ka ga mai siminti, ka ga mai sanduna, ka ga irinku masu ƙarfe kuna gaisawa da ido kamar 'yan gari ɗaya. Wajen azahar a kira ku, ku yi minti biyar a ciki. Kuma duk zuwa likita daban ne, wanda ka gani jiya ba shi za ka gani gobe ba. Aka ba mu ƙwayoyi, ruwan ya tsaya.

A wata na uku aka yi sabon hoto. Likitan ranar, wani siriri mai tabarau, ya ɗaga shi a hasken taga, ɗalibai huɗu suna bayansa. Ya nuna musu tsakanin karayar yana maimaita wata kalma, kal. Na tambaya, ya ce sabon ƙashi ne da ke tsirowa ya haɗa biyun, kuma na Baba ya fara amma kaɗan. Baba ya ce, "Walda ke nan." Aka yi dariya. Daga nan likitan ya karɓi wani ɗan kile, irin abin kwance noti, ya sa a notin da ke tsakiyar sandar ya murɗa, yana ta zuba wa ɗalibansa Faransanci da sauri kamar ruwan famfo. Ni na iya Faransanci, da shi nake koyarwa, amma na asibiti wani yare ne daban. Na zata ɗaurewa yake. Ya juyo ya ce mana Baba ya fara taka ƙafar kaɗan-kaɗan da sanduna, a dawo bayan sati shida. Kafin in buɗe baki an kira na gaba.

Washegari bayan la'asar Baba ya miƙe a tsakar gida, sanda a kowace hammata, ya ɗora ƙafar a ƙasa. Muka ji ƙas. Ya ɗaga, ya sake takawa. Ƙas. Fuskarsa ta canza. Ya zauna a kan kujera, ya kama sandar ƙarfen da hannu biyu ya girgiza a hankali, sai ga ta tana ɗan shiga tana fita.

"An bar shi sake," ya ce. "Madam lakwal, zo ki gani. Notin tsakiya."

Na ce mu koma gobe. Ya ce a'a.

"Yaro ne, ya gaji, mutum ɗari na gabanai. In munka koma munka hwaɗa gaban manyansa, mun ɓata mashi aiki. Kuma mu kwashe yini guda cikin rana saboda noti guda? Tahi Kalley, cikin akwatina, ki ɗauko mini kile onz, mai lamba sha ɗaya."

Ni na je. Wannan ina so a rubuta shi a fili, ni na hau taksi na je na ɗauko, na wanke shi da sabulu har da ruwan zafi don kada ya kawo ƙwayar cuta, ina jin kaina mai hankali. Baba ya ɗaure notin a natse, ya ƙara masa ɗan murɗi na ƙarshe irin nasa, ya taka, shiru. Ya dube mu yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun ranar haɗarin. Gwaggo ta ce ai ga shi nan, da ƙafar ta rabe biyu a tsakar gida. Ta kuma kafa doka, ba zai ƙara takawa ba sai ƙashi ya yi ƙwari, tunda masu ƙarfen ma ba su iya ɗaure abinsu ba. Na ce likita ya ce ya taka. Ta ce likitan da ya manta noti? Baba ya koma zama, daga gado sai kujera.

Bayan sati shida muka koma, muka samu wani likitan, gajere mai saurin magana. Ya duba sabon hoto, ya duba tsoho, ya haɗa gira. Kal bai ƙaru ba. Ya karanta takardar Baba, ya taɓa sandar, ya yi tsaki, ya faɗi wata magana a kan wanda ya rubuta abu bai yi ba. Ya sa aka miƙo masa kile. Baba yana kwance, fuskarsa na wajen bango yana gaisawa da majo. Ni kuwa idona na kan hannun likitan. Ni 'yar mai gyara ce, tun ina ƙarama na san inda ake murɗawa a ɗaure da inda ake murɗawa a kwance. Hagu ya yi. Kwancewa ya yi, da gangan, har ya gwada da hannu ya ga sandar tana motsi, sannan ya gyaɗa kai.

Kaina ya ɗaure. In kwancewa ake so, to mu me muka yi? In kuwa kuskure ne, yaya mutum biyu za su yi kuskure iri ɗaya? Maganar ta zo mini har baki. Amma in na tambaya sai na faɗi abin da Baba ya yi, a gaban ɗalibai, a gaban majo, dattijo mai furfura a ce ya yi wasa da aikin likita. Na tsaya ina auna wannan da wancan har aka miƙo mini kati aka ce sati shida.

A cikin taksi na gwada. Na ce, "Baba, anya ba da gangan suke sakin notin nan ba?"

Ya dube ni kamar na ce rana daga yamma take fitowa.

"Wa ka sakin noti da gangan? Shekara nawa ina wanga aiki? Abin da ka riƙe ƙashi shi yi lilo, shi ne gyara?"

Da muka isa gida ya taka ya ji ƙas, sai ya samo nasa bayanin. Ya ce hanyar Banifandu ce, ramukanta ko notin tirela sai sun kwance shi. A wannan karon ya ɗaure da dukkan ƙarfinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi. Ina tsaye riƙe da kwanon ruwan wanki ban ce komai ba. Na gaya wa kaina cewa watakila ni ce ban gani daidai ba, watakila notin asibiti a juye yake. Na san ƙarya nake yi wa kaina, amma ta fi mini sauƙi a kan in ce wa ubana bai san noti ba.

Damina ta sauka. Ƙafar ta rame ta koma kamar ta yaro, tafin ya fara sunkuyawa ƙasa, yatsun suna kallon tabarma. In na ɗaga masa shi sama sai ya ce in bari, da zafi. Ya rage magana. Masu moto da suka saba biyo shi har gida neman shawara suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma abinci ya daina yi mini daɗi, ina koyar da yara lissafi raina yana kan noti.

Zuwa na gaba muka dace da wata likita mace, 'yar Damagaram, mai sanyin murya. Ta jera hotuna uku a taga ta daɗe tana kallo. Ta ce wata shida ke nan, ƙashin ya ƙi haɗewa, kuma ba ta gane dalili ba. In aka ƙara wata biyu a haka, sai an sake shiga ɗakin aiki a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike wurin, kuma da sugansa ba ta son hakan ko kaɗan. Ta tura mu ɗakin majo a wanke tsinkayen, ta ce ya duba mata sandar.

Majo ya taɓa sandar, ba ta motsa ba. Ya sa kile, notin ya ƙi. Ya gyara tsayuwa ya sake, ya ƙi. Sai da ya sa hannu biyu, gumi ya tsattsafo masa, sannan ya saki da ƙara. Ya tsaya yana haki. Ya dubi notin, ya dubi hannuwan Baba, waɗanda wata shida na zama bai fitar da baƙin mai daga gefen faratansu ba.

"Wannan dauri ba na likita ba ne," ya ce. "Baba, mi ne ne aikinka?"

Ni na sunkuyar da kai. Baba kuwa ya gyara zama, ya rage murya kamar mai rufa wa wani asiri.

"Gyaran moto. Ni na ɗaure muku shi, sau biyu. Ban so a ji ba, kar a kori yaran. Amma ku riƙa dubawa, majo, wani ba shi da kile a gida."

Majo ya ɗora hannu biyu a ka ya ce wani abu da Zabarmanci, ya fita. Ya dawo da likitar. Na shirya jin faɗa, na ma fi so a yi mini shi. Ba ta yi ba. Ta jawo kujera ta zauna daidai fuskar Baba.

"Baba, in aka kawo maka moto, ka cire amortisa mai shanye jijjigar hanya ka sa sandar ƙarfe ka yi mata walda, me zai faru?"

"Ba ta tahiya daidai. Komi sai shi bugi ƙarhe."

"To haka ne nan. Da farko mun ɗaure tam don karayar ta zauna. Da ta fara kamawa sai mu saki notin tsakiya, don in ka taka, nauyinka ya sauka a kan ƙashin, bakin karayar ya matsu da juna. Ƙashi sai ya ji ana bukatarsa yake tsirowa. In ƙarfe ya ɗauke masa dukkan kaya, sai ya kwanta ya yi barci. Ƙarar da kake ji, ita muke nema."

Baba ya dubi notin. Na ga maganar tana shigarsa, don da yarensa aka yi ta. Can ya ce, a hankali, "Ashe wasa anka ba shi." Ta ce e, wasa aka ba shi da gangan, ɗan wurin da zai riƙa motsi. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Madam, ba wanda ya yi muku wannan bayanin?" Na ce babu. Gaskiya na faɗa, amma ba dukkanta ba. Ta ce laifinsu ne, ta ba mu haƙuri, abin da ban taɓa ji daga bakin mai farar riga ba. Majo ya naɗe notin da farin filasta ya sa hannu a kai da biro, ya ce in ya ga an taɓa, shi da Baba ne har gaban alkali. Baba bai yi dariya ba.

Daga ranar ya fara tafiya. Safe da yamma, daga ƙofar falo zuwa bakin randa, ya dawo. Kowane taku da ƙas ɗinsa, kuma kowane ƙas sai ya runtse ido. Na tambaye shi ko zafi ne, ya ce a'a, ƙarar ce, kunnensa bai saba jin ta ya ƙyale ba. Gwaggo ta zauna a gefe tana kallo, ta ce ita dai ta daina gane komai, da an ce kar a motsa, yanzu an ce a motsa, Allah ya kyauta. Bayan kwana kaɗan ta tattara tabarmarta ta koma Maraɗi, ta bar mana addu'a da sauran garin gero.

Bayan sati shida hoton ya nuna wani farin abu kamar hayaƙi ya kewaye karayar. Likitar ta nuna wa Baba da bakin biro, ya ce waldar ta kama. A wata na tara aka cire ƙarfen, a ɗakin majo, ba tare da an sa shi barci ba. Ana murɗo tsinkayen ɗaya-ɗaya yana kallon silin yana salati. Aka bar ramuka shida da suka rufe cikin sati biyu. Ba a taɓa ƙugunsa ba, kuma wannan ni'ima ce da ba zan gaji da gode wa Allah a kanta ba.

Amma idon sawun ya ƙage. Watannin da ya yi a zaune, tafin a sunkuye, sun sa jijiyar baya ta gajarce. Muka yi ta zuwa wurin masu motsa gaɓoɓi, suna lanƙwasawa yana cije leɓe, ya ɗan saki, ya tsaya a nan. Yana tafiya da sanda ɗaya, yana ɗingishi kaɗan. Na samu likitar ita kaɗai na tambaye ta, da ba a ɗaure notin ba, da ya taka tun wata na uku, da ƙafar ta koma daidai? Ta ce, "Ba zan ce miki e ba, ba zan ce miki a'a ba. Karayar mai tsanani ce, ga suga, ga shekaru. Watakila da kun rage wata uku. Sauran, Allah ne ya sani." Na fito da amsar nan a hannu ban san inda zan ajiye ta ba.

Don haka ga abin da zan ce wa mai jinya. Duk abin da likita ya murɗa a jikin ƙarfen nan, ka tambaye shi me ya yi, don me, kuma me za ka ji in kun koma gida. Ko ana kiran na gaba, ka tsaya a bakin ƙofa. In ka ga abin da bai yi maka daidai ba, ka faɗa a ranar, ko da wanda za ka kunyata ubanka ne. Su kuma likitoci, ina gode musu har zuciya, sun ceci ƙafar da na gani da idona a karye, amma jimla biyu da Hausa a wata na uku da ta ishe mu.

Satin da ya wuce moton Abdu ta ƙi tashi da safe. Yana ta bugawa a ƙofar gida, Baba ya ji daga ciki, ya fito da sandarsa. Ya ce a sake bugawa, ya karkata kai yana saurare, ya ce mai ne ba ya isa. Ya jingine sandar a bango, ya dafa sirdin, ya fara sauka zai tsuguna. Gwiwa ta lanƙwashe, diddigen dama ya ƙi zama a ƙasa. Ya gwada ta wani gefen, ya yi tangaɗi, Abdu ya tare shi. Ya sake gwadawa sau ɗaya. Sannan ya miƙe ya tsaya yana kallon injin daga sama.

A nan abin da na riƙe wata da watanni ya fito. Na ce, "Baba, ranar da muka samu gajeren likitan nan, na ga yana kwancewa. Na gani da idona, hagu ya yi. Na sani, na yi shiru, na bar ka ka ɗaure." Ina faɗa ina kuka, a bakin titi, mata masu zuwa kasuwa suna waiwaye.

Ya daɗe bai dube ni ba.

"Kin hwaɗa mini cikin taksi," ya ce. "Ko da kin rantse da Alƙur'ani ba ni ji, ɗiyata. Share hawayenki, mutane na kallo."

Har yanzu ban san ko gaskiyarsa ke nan ba, ko sauke mini kaya yake yi. Ban samu damar tambaya ba, don ya riga ya juya.

"Shiga ki ɗauko mini kujerar da kike tuƙa tuwo."

Na ɗauko. Ya dafa kafaɗata ya sauka a kanta a hankali, ya miƙe ƙafar dama gaba a cikin ƙasa, ya naɗe hannun riga. Ya miƙa hannu, bai kai ga injin ba.

"Abdu," ya ce, "turo ta kusa."